Tudun Mata Gaba Uku

Shekara hamsin da biyu Gwadabe yana fito a kogin Wudil, bai taɓa jin an ce sai da takarda ake riƙe gora ba. Sai bana. Da damina wani jirgi ya kife da mutane a can wata jiha, aka yi asarar rayuka. Ƙungiyar masu fito ta zauna ta yanke cewa daga wata mai kamawa, duk wanda ba shi da takardar bita ba zai ƙara ɗaukar ko mutum ɗaya ba. Bitar ta kwana biyar ce, ranar ƙarshe kuma akwai gwaji. Wanda ya ci ya koma ruwa. Wanda ya faɗi ya ja kwale-kwalensa kan gaɓa ya kife shi.

Isyaku, shugaban ƙungiyar, shi ya kawo masa maganar har gida. Wannan Isyakun kuwa a hannun Gwadabe ya koyi tuƙi, ko da yake yanzu shi ma furfura ta kama masa gemu. Ya tsuguna a zaure, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da amfanin gona, sannan ya sunkuyar da kai.

"Kawu, har da kai fa."

"Har da ni a me?"

"A bitar."

"Wa zai koya mini?"

"Wani malami ne daga jami'a. An ce har teku ya shiga, ya yi kwanaki a cikinta."

"To ya je ya koya wa masu teku. Ni nan nake."

"Kawu, in na ɗaga maka ƙafa, gobe kowa zai zo da nasa dalilin. Ka rufa mini asiri."

Ba abin da Gwadabe yake samu a fito ne ya dame shi ba, 'ya'yansa sun ɗauke masa cefane tun tuni. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Ƙasimu, tsaransa, wanda gwiwa ta hana shi tuƙi shekara shida da suka wuce. Tun daga lokacin kullum yana zaune a gindin mangwaro bakin mashiga, yana ɗinke komar mutane, yana kallon jirage suna tafiya suna dawowa ba da shi ba. Gwadabe ya san in aka kife jirginsa, a kan wannan tabarmar za a matsa masa wuri.

Ranar Litinin ya je. An yanke gero, ruwa ya fara ja baya, amma kogin yana nan da ƙarfinsa. Mutum goma sha huɗu ne a kan benci, an jingina allo da gindin bishiya. Ƙasimu na hango shi ya ajiye koma.

"A'a! Ga ɗan makaranta. Matarka Murja ta ba ka kuɗin tara kuwa?"

"Ta ce in na zo in ƙwace naka."

"Ka zauna a gaba dai, kunnen nan naka ba kamar da ba."

Malamin sunansa Timothy, mutumin Ibi ne a bakin Binuwai, dogo, mai sanyin magana. Da ya ga Gwadabe sai ya cire hula ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwana." Gwadabe ya amsa a taƙaice. Ya zo da shirin a raina shi, ba a raina shi ba, sai ya rasa inda zai ajiye fushin.

Timothy ya ba su labarin yadda ya koyi tuƙi a Legas, a jirgi mai tafiya da iska, kwana biyar suna bin gefen teku. Ya ce abu na farko da aka koya musu shi ne mutum ya san inda yake a kan ruwa. Ya zana bishiya biyu a allo, ɗaya a bayan ɗaya. Ya ce in ka nemi alama biyu a tudu, ka riƙe su a jere, muddin ta gaba ta rufe ta baya, to kana kan hanyarka. In suka rabu, ruwa ya janye ka.

Gwadabe ya yi tsaki.

"Baba, akwai gyara?"

"Wannan har sai an je Ikko? Ina ɗan shekara tara ubana ya nuna mini shi. Giginya a gaba, tsamiya a baya."

"To Baba ai kun riga mu. Ni sai da na haye mota kwana biyu kafin in ji shi."

Aka yi dariya. Gwadabe bai yi ba, amma ya gyara zama.

Ranar Talata aka koyi ƙulle-ƙullen igiya da yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, aka kuma raba rigar ruwa, wata mai launin lemo, mai kumburi, mai maɗauri uku a ƙirji. Samarin suka saka suna ɗaukar hoto da waya. Gwadabe ya juya tasa ya sake juyawa. A saninsa, mai fito da ya ɗaura wannan abu ya gaya wa duk wanda ke cikin jirgi cewa yana tsoron ruwa. Amma ga idon Isyaku a kansa yana roƙo. Sai ya rataya ta a kafaɗa kamar falmaran, ya bar maɗaurin suna reto.

"Ta yi maka kyau," in ji Ƙasimu daga tabarmarsa. "Kamar kabewa ta nuna."

Ranar Laraba ce ta ɓata masa rai. Timothy ya fito da doguwar igiya, an ɗaure dutse a bakinta, an yi ƙulli a kowace gaba, wato tsawon hannu biyu a buɗe, kamar yadda masu haƙar rijiya ke aunawa. Ya ce da wannan za a riƙa auna zurfin ruwa, kuma ba a fita daga jirgi, ba a kuma dogara da gora, sai an san abin da ke ƙasa.

"Ba a auna kogi," in ji Gwadabe. "Ba hatsi ba ne. Saninsa ake yi."

"Yaya ake saninsa, Baba?"

Wannan tambaya ita ta buɗe bakinsa, abin da ya daɗe bai buɗu ba. Ya ba su labarin kogin kafin a datse shi a Tiga. Lokacin in damina ta yi nisa, mai tsayuwa a wannan gaɓa ba ya gane mutumin da ke waccan, sai dai ya ga fari-fari. Ubansa yana da jirgi mai ɗaukar mutum talatin. Sukan loda tukwane da rake su gangara ƙasa, kwana uku suna tafiya, suna tsayawa gari-gari, mata suna fitowa da fura da dafaffen rogo su karɓi tukunya. Kowane lungu na ruwan da sunansa. Akwai Gurbin Dorina, zurfinsa gaba huɗu, inda ake wucewa shiru, don a zamanin kakansa dorina na kwana a wurin. Akwai Bakin Rimi, inda ruwa ke juyawa ya mayar da kan jirgi baya in mutum bai yi hankali ba. Akwai Tudun Mata, wani tudun yashi a tsakiyar hanya, inda matan ƙauye ke shiga su yi wanki da kaka, ruwa iya gwiwa. In an iso nan jirgi yakan dafe a yashi, sai mai gora ya dira ya tura shi da kafaɗa, matan suna yi masa tsiya, suna cewa ya ci tuwo kuwa jiya?

Sannan ya ce, "A nan na fara ganin uwar 'ya'yana. Ita ta fi kowa tsiyar."

Ba wanda ya yi motsi a bencin. Har Ƙasimu ya tsayar da allura.

Timothy ya ce, "Baba, gobe dama za mu gangara ƙasa mu gwada abin da muka koya. Ko za ku riƙe mana gorar?"

Gwadabe ya ce zai riƙe. Abin da bai faɗa ba, kuma bai ma lissafa a ransa ba, shi ne shekara goma sha takwas rabonsa da gangarawa ƙasa. Tun da motoci suka ɗauke lodin tukwane, aikinsa ya koma tsallakar da manoma daga wannan gaɓa zuwa fadamar da ke waccan, layi guda, safe da yamma. Yana ganin tifa-tifa suna wucewa da yashi kullum, jiƙaƙƙe yana ɗiga a kan kwalta, bai taɓa tambayar kansa daga wane wuri ake kwaso shi ba.

To akwai wata ƙa'ida ta masu fito, wadda Gwadabe ya gada, ya kuma dasa ta a kan duk wanda ya koya wa tuƙi. In an hau ruwa, ba a yi wa mai gora gyara. Ko ka ga ya yi kuskure, ka riƙe bakinka sai an sauka. Dalilin tsofaffi shi ne, baki biyu a jirgi ɗaya yana kifar da shi. Isyaku ya sha dundu a kan wannan yana yaro, kuma ya ɗora samarin ƙungiya a kai.

Ranar Alhamis da hantsi suka shiga babban jirgin ƙungiya, mutum takwas. Gwadabe ya tsaya a baya da gora, rigar ruwa a rataye ba ɗauri. Ya tura, jirgi ya bar gaɓa sumul, ko girgiza bai yi ba. Kai, tsohon nan ya iya. Samarin da ke tuƙi da ƙarfin damtse suka ga yadda ake tuƙi da ƙugu da tafin ƙafa, gorar tana shiga tana fita ba ta fantsama ruwa. Yana tafe yana kiran sunaye. Rimin Bakin Rimi babu shi, an sare, amma ya gane wurin da lanƙwasar gaɓa. Ya nuna inda kasuwar kifi take ci a da, yanzu gonar shinkafa ce. Fuskarsa ta saki, har yana ɗan waƙa a maƙogwaro, irin wadda ubansa ke yi.

Can sai ga giginya a gaɓar hagu, tana nan tsaye, ga tsamiya a bayanta. Gwadabe ya karkata jirgi har giginyar ta rufe tsamiyar.

"Malam, ga darasinka na Litinin. Nan ne Tudun Mata. Ruwa iya gwiwa."

Samarin suka dubi juna. Duk sun san wurin. Shekara biyar masu yashi suna haƙarsa kowane rani. Suka dubi Isyaku. Isyaku ya buɗe baki, ya dubi mai gora, ya rufe. Ya ɗauka tsohon zai fara zura gora ya ji ƙasa. Timothy, wanda bai san komai a kan wurin ba, ya sunkuya yana warware igiyar awo.

Gwadabe bai jira jirgi ya dafe ba. Haka ake yi a da, gwani yakan dira tun kafin yashi ya kama jirgi. Ya kwantar da gora, ya tattare wando zuwa gwiwa, ya ce bismillahi, ya taka ruwa kamar mai sauka daga dokin ƙofa.

Ruwa ya haɗiye shi har hula.

Rigar lemon nan ta zame ta kansa ta taso ita kaɗai tana yawo. Aka yi salati. Gwadabe ya iya iyo tun bai iya sallah ba, amma ya shiga da baki a buɗe, ga riga ta naɗe masa hannu, ga shekara saba'in da ɗaya. Ya taso sau ɗaya yana tari, ya koma. Isyaku ya faɗa ruwa da tasa rigar a ɗaure, ya cafko shi ta wuyan riga, wani ya miƙa gora, aka jawo su gefen jirgi, aka ɗago tsohon kamar buhun da ya jiƙe.

Ya kwanta a cikin jirgi yana amayar da ruwa. Da numfashi ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne, "Giginyar ta rufe tsamiya. Na gani da idona."

"Ta rufe, Baba," in ji Timothy a hankali. "Ba ku ɓata wuri ba ko da taku ɗaya. Ƙasar ce babu."

Wani ne ya tuƙo su gida. Gwadabe ya zauna a tsakiya inda mata da awaki ke zama, kai ba hula. Da suka iso, Ƙasimu ya ɗaga kai ya gan shi sharkaf, ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, sai ya fasa. Ya matsa gefe a kan tabarma ya ce, "Zo ka sha rana." Gwadabe ya dubi gurbin da aka matsa masa. Da tsiya Ƙasimu ya yi masa da ta fi sauƙi. Ya wuce gida bai zauna ba.

Murja ba ta tambaye shi komai ba, labari ya riga shi isowa. Ta miƙa masa busasshiyar riga, ta dafa masa kunu mai citta. Sai da ya sha rabi ta ce, "Malam, gobe ka zauna a gida. Me ya rage da ba ka yi ba?"

"Tudunku babu shi," ya ce. "Inda kuke wanki. Sun kwashe shi a mota."

Ta ce, "To a kai shi inda za a kai. Mu dai mun gama wankinmu."

Ranar Juma'a tun da sassafe aka fara gwaji, don a gama kafin masallaci. Kowa zai ɗauki Timothy da Isyaku a jirginsa, ya nuna abin da ya koya. Ba wanda ya zaci ganin Gwadabe. Sai ga shi da sabuwar hula. Ya ɗauki rigar ruwa ya saka, ya kama maɗaurin yana laluben yadda ake yi. Ba wanda ya isa ya taimaka masa. Da kansa ya ɗaura ukun.

"Malam, jiya ta kayar da ni?"

"Jiya darasi ne, Baba. Gwaji yau ne."

"To ba ni igiyar nan. Kuma ba tsallake za mu yi ba, ƙasa za mu."

Suka gangara su uku. A Gurbin Dorina ya tsayar da jirgi, ya saki dutse, igiya tana bi ta tafin hannunsa. Ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ya jawo ya ƙirga ƙulli.

"Gaba ɗaya da kamu. Ubana ya ce huɗu." Ya sake sakawa don ko ya yi kuskure. Haka dai. Laka ta cike gurbin.

Wuri bakwai ya auna, yana kiran sunan kowanne da abin da aka gaya masa yana yaro, sannan ya faɗi abin da igiya ta ce. Timothy yana rubutawa, suna da zurfi. A cikin bakwai ɗin, ɗaya ne kaɗai ya zo daidai da maganar ubansa. Da giginya ta rufe tsamiya, ya saki dutse. Igiya ta yi ta tafiya. Ƙulli ɗaya ya nutse, na biyu ya bi shi, na uku ya taɓa ruwa.

"Tudun Mata," ya ce. "Gaba uku."

Ya naɗe igiyar a hannu sannu a hankali, bai dubi kowa ba.

"Isyaku."

"Na'am, Kawu."

"Jiya ka san haka wurin nan yake?"

"Na sani."

"Ka yi shiru."

"Kawu, gora tana hannunka. Kai ka hana."

Jirgi ya ɗan juya da su. Gwadabe ya kai hannu ya daidaita shi.

"Ni na hana. Wanda ya hana ni ma ya yi gaskiya a zamaninsa, don a lokacin mai gora ya fi kowa sanin ƙasan ruwa. Yanzu direban tifa ya fi ni saninta. To na janye. Ka gaya wa yaran nan ni na ce. In sun ga mai gora zai taka rami, su yi masa ihu, ko ubansu ne."

"To, Kawu."

"Kuma ka daina wannan sunkuyar da kai, kamar ka ci bashin wani. Ka fitar da ni, na gode."

Ya juya jirgi ya hauro da su, ruwa yana tura shi baya, shi kuma yana turawa gaba, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ya iso mashiga yana haki, ya ɗaure jirgi da ƙullin da aka koya ranar Talata, ko da yake a ransa nasa na da ya fi shi.

Mutum goma sha biyu suka ci, biyu aka ce su sake zuwa. Da aka kira sunan Gwadabe, samarin suka yi tafi, ya harare su suka bari. Ya karɓi takardar da hannu biyu. Bai iya karanta boko ba, ya dai ga hotonsa a manne a kusurwa, ya naɗe ta ya sa a aljihu.

Washegari Asabar, fasinjarsa ta farko wata mata ce da ƙwarya a ka da ɗan akuya a igiya, za ta fadama. Ya miƙa mata rigar ruwa.

"Haba Baba, wannan abu mai zafi? Ga ƙarnin kifi. Shekara nawa kana tsallakar da ni ba ita?"

"Ki ɗaura, ko ki zagaya ta gada."

Ta ɗaura tana gunaguni. Ya tura jirgi. Da suka kai tsakiya ya tsaya, ya saki dutse a layin da ya bi dubban lokuta, ya jawo ya duba.

"Gaba ɗaya da rabi," ya faɗa da ƙarfi.

"Wa ya tambaye ka?" in ji matar.

Ya ajiye igiyar kusa da ƙafarsa, ya ɗauki gora.